Zanen da "ba ya kama da komai"

Matasa 'yan uwana, duk wanda ya ce muku zanen da ba ya kwaikwayon mutum ko doki shirmen Turawa ne, ku ba shi labarin Ibrahim El-Salahi. An haife shi a Omdurman ta Sudan a 1930, ɗan malamin Alƙur'ani. Ya karanci zane a Landan, amma da ya dawo, mutanensa ba su ga kansu cikin aikinsa ba. Sai ya koma ga haruffan Larabci, yana lanƙwasa su har su zama siffofi.

A 1975 gwamnatin Nimeiri ta kulle shi a gidan kason Kober, wata shida ba shari'a. Can ya riƙa zane a guntayen takardar buhun siminti, yana binnewa cikin rairayi. Bayan ya fito, salonsa ke nan: ya fara da ɗan guntu, ya yi ta haɗa wasu har zanen ya girma.

Ni dai ina ganin mun fi kowa cancantar gane shi. Zayyanar allon sauka da adon bangon Birni a Damagaram, fuskar wa suke kwaikwaya? To don me muke ce wa ƙannenmu masu zane su je su nemi aikin yi? A ba su bango da fenti a gidajen matasa.