Da Wa Kake Karatu? Tambaya Ga Matasan Shagari Da Boɗinga

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanar da ɗan Adam ta hanyar alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wani dare bayan sallar Isha'i, wani matashi daga cikin masu halartar masallacinmu a nan Shagari ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Malam, duba abin da na tara." Na duba na ga tafsirin Ibnu Kasir, da Fathul Bari, da Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da wasu masu yawa da ban tsaya ƙirgawa ba. Na taya shi murna da zuciya ɗaya, domin a lokacin da nake jami'a sai na yi tanadin watanni kafin in mallaki ɗaya daga cikin waɗannan. Sai na tambaye shi, "Wanne ka sauke?" Ya ce duk ya sauke su. Muka yi dariya tare, don ya gane inda na dosa. A bakin iyayenmu, sauke littafi shi ne a karance shi daga bango zuwa bango a gaban malami. A bakin 'ya'yanmu kuwa, shi ne a danna waya littafin ya shigo. Da na sake tambayarsa da wa yake karantawa, sai ya dube ni kamar na tambaye shi da wa yake numfashi.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce dalilin wannan rubutu. A ganina ƙarancin littattafai ya daina zama babbar matsalar ɗalibinmu na yau. Abin da ya rasa shi ne abokin karatu, wanda zai tambaye shi ina ya tsaya, ya saurari abin da ya fahimta, ya musa masa idan ya karkace. Mai karatu shi kaɗai yakan fara da zafi, ya yi shafi ashirin, sai wani saƙo ya shigo, shi ke nan an rufe littafin har abada, kuma babu wanda zai ji kunyarsa.

Karatu da aboki tsohuwar sunna ce. Imamu Buhari ya ƙulla babi guda a cikin Kitabul Ilmi a kan karɓa-karɓa wajen neman ilimi, ya kawo labarin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da wani maƙwabcinsa Ba'ansare. Suna zaune a gefen Madina, kuma kowannensu yana da neman abincin da zai yi, sai suka raba kwanaki: yau wannan ya je majalisar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo ya shaida wa ɗan'uwansa abin da ya sauka na wahayi da sauran labarai, gobe ɗayan ya je. Ku dubi wannan tsari da kyau, ya ku manoma da 'yan kasuwa masu cewa ba ku da lokaci. Haka nan ya inganta cewa Mala'ika Jibrilu yakan zo wa Annabi a dararen Ramadan su yi bitar Alƙur'ani tare, kuma Annabi ya taɓa neman Abdullahi ɗan Mas'ud ya karanta masa, domin yana son ya ji daga bakin waninsa. Ɗan Mas'ud ya karanta daga Suratun Nisa'i har idanun Annabi suka zubar da hawaye. Idan wanda aka saukar wa Littafin yana son jin sa daga bakin sahabinsa, ina ga ni da kai?

Mu kuma mutanen wannan yanki ba mu da uzurin da wasu za su iya kawowa. Duk wanda ya hau mota daga Shagari zuwa Sakkwato yana ratsa ƙasar Sifawa da Boɗinga, kuma da yawanmu mukan wuce ba tare da mun tuna abin da ya gudana a nan ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga, kusa da shi. Shehu ya bar wa ƙanensa da ɗansa Muhammadu Bello gudanar da al'amuran mulki, ya koma ga koyarwa da wallafa. A cikin waɗannan 'yan shekaru ne Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukhi a 1812, da Tazyinul Waraƙati a 1813, ya kuma kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili a 1816. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812. Mutanen nan suna da yaƙi a gabansu, da shari'a, da rigingimun sabuwar daula, babu lantarki, babu injin ɗab'i, takarda ma sai an ketaro hamada da ita, amma ga abin da suka bari.

Littafi biyu daga cikin na wannan zamani sun fi taɓa maganarmu. Na farko shi ne Ida'un Nusukhi. A cikinsa Malam Abdullahi ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu, tun daga mahaifinsu da ya koya masa Alƙur'ani, zuwa yayansa Shehu da aka damƙa shi a hannunsa yana ɗan shekara 13. Duk littafin da ya ambata yana da fuskar mutum a jikinsa. Na biyu shi ne Najmul Ikhwani na Shehu, inda ya kwaɗaitar da jama'arsa su karanta littattafan malaman zamaninsu, saboda su ne suka fi sanin abin da ya fi muhimmanci a lokacinsu. Ya nuna musu na ƙanensa Abdullahi domin kiyaye zahirin shari'a, da na ɗansa Bello domin sanin siyasar al'umma, da nasa domin ya haɗa ɓangarorin biyu. Wato shugaban jama'a da kansa yana cewa mutanensa ga abin da za ku karanta, ga kuma dalili. Wannan shi ne aikin da aboki yake yi wa aboki.

Son littafi bai tsaya musu a kan fiƙihu kaɗai ba. Baturen Birtaniya Kilafaton, wanda ya ziyarci Sarkin Musulmi Bello a 1824 ya kuma dawo ya rasu a Sakkwato a 1827, ya kawo masa kyautar littattafan Larabci a zuwansa na biyu, ciki har da littafin lissafi na Iƙlidis. Ya rubuta cewa Bello ya shaida masa suna da kwafensa a da, wani ɗan'uwansu ya zo da shi daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Ina kawo wannan ne saboda ɗaliban kimiyya da suke zaton majalisar karatu ta masu rawani ce kawai. A kusa-kusa kuma, ga marigayi Alhaji Shehu Shagari, Allah Ya ji ƙansa. Tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979 malamin makaranta ne, kuma a 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya domin a koyi labarin ƙasa da tarihi cikin Hausa, a rera tare a aji da zaure. A 1978 shi da Jean Boyd suka fitar da littafi a kan shugabancin Shehu Usmanu. Ina mamakin yawan matasan garin nan da suka san gidansa amma ba su taɓa riƙe abin da ya rubuta ba.

To, na san abin da wasu 'yan'uwana malamai za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce idan aka bar samari biyar suka zauna da littafi babu malami, mako uku kawai ya isa su fara ba da fatawa, su kafirta wannan su bidi'antar da wancan. Na ga irin haka da idona, don haka ba zan raina wannan tsoro ba. Malamai sukan ba da labarin mutumin da ya karanta hadisin habbatus sauda shi kaɗai, ɗigo ɗaya ya ƙaru masa a ido, kalmar ta koma baƙin maciji, ya tafi neman magani inda ajali yake. Ko labarin ya faru ko misali ne aka buga, darasinsa a fili yake. Sai dai a lura, mutumin nan shi kaɗai yake karatu. Da yana da aboki a gefensa, da wataƙila an ce masa sake dubawa. Hana matasa haɗuwa ba zai mayar da su gaban malami ba, domin littattafan suna cikin aljihunsu, kuma za su karanta su ko mun so ko mun ƙi, su kaɗai cikin dare. Abin da ya dace shi ne a sanya wa zaman iyaka. Majalisar abokai wurin bita ce da muzakara, kamar yadda almajiran zaure suke yi tun da: a ɗauki darasin Ahalari ko Ishmawi ko Risala a gaban malam da safe, da yamma a zauna da abokai a maimaita. Duk mas'alar halal da haram da ta taso, a rubuta ta a takarda, ranar Juma'a a kai wa malami. Wanda ya ce ban sani ba a cikin abokansa ya fi wanda ya yi ƙiri-ƙiri ya ƙago amsa don kada a raina shi.

Akwai wata illa kuma da ta fi wannan ɓoyuwa, wato abokai su zama ba sa karanta komai sai abin da ke zagin wani ɓangare na Musulmi. Irin wannan zama yana ƙara wa mutum kaifin baki, zuciyarsa kuwa tana bushewa. Shawarata ita ce a fara da abin da kowa ya yarda da shi, kamar Arba'una Hadisi ta Nawawi, ko Shama'il ta Tirmizi, ko Ashafa ta Alƙali Iyal, a kuma jawo maƙwabci ko da ba masallaci ɗaya ake salla ba.

Maganar mata tana bukatar a tsaya a kanta, domin a gidaje da yawa su ne masu karatun gaskiya. Matanmu da 'ya'yanmu mata suna karanta labaran Hausa a waya fiye da yadda mazan suke karanta komai, kuma suna ba juna labarin abin da suka karanta. Maigida da yawa ba ya da abin cewa sai faɗa. Ni ban ga laifi a ƙagaggen labari don kasancewarsa labari ba. Iyayenmu sun zauna a zaure mutum ɗaya yana karanta musu Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ko jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, kuma ba su lalace ba. Gaskiya ne a cikin labaran yau akwai na batsa waɗanda bai halatta a karanta ko a tura wa wani ba, kuma wadda ta tura tana da kamasho a zunubin wadda ta karanta. Amma wadda ta saba da karatu ta riga ta yi rabin tafiya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba ta jira mata su zo makaranta ɗaya bayan ɗaya ba. Ta naɗa jajis, ta ba kowace malfa, su kuma suka riƙa jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka, su zo su koyi waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci, su koma su koya wa na gida. 'Yan Taru ke nan. Maigidan da yake son iyalinsa su canza abin karantawa, ya sayo littafin, ya zauna a tsakar gida bayan Magariba a karanta tare da shi, ya kuma yarda a yi masa tambayar da ba zai iya amsawa ba.

Sai batun amana, wanda yake kashe irin wannan zumunci tun kafin ya yi ƙarfi. Ina da wani sharhi mai juzu'i huɗu da ya zama uku yau shekara shida, saboda wani da nake ganin girmansa ya ari na biyu. Na yafe masa, amma na daina ba da aro sai na rubuta suna da rana a bangon wani littafin, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka ba tare da jin nauyi ba. Aro amana ce, mayar da shi wajibi ne. Haka nan ɗaukar hoton littafin marubuci mai rai a rarraba shi kyauta ba da izninsa ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa haƙƙi ne da shari'a take karewa, ba ya halatta a yi masa ta'addanci. Idan abokai biyar suka haɗa kuɗi suka sayi kwafe ɗaya ya zagaya hannuwansu, sun samu karatu, marubucin ma ya samu abin da zai sake rubuta wani.

Matashin da na ba ku labarinsa ya dawo bayan kwana biyu da abokansa uku: ɗaya ɗalibin kwalejin ilimi ne, ɗaya tela, ɗaya yana sayar da albasa. Na ce su bar Fathul Bari tukuna. Sun ɗauki Arba'una Hadisi, hadisi biyu a mako, daren Talata tsakanin Magariba da Isha'i a barandar masallaci, kowa da makon da zai ja baƙi ya fassara, wayoyi kuma a kife a kan tabarma sai ta mai karantawa. Telan ne ya fi su tambaya, kuma shi ne ya kawo takardar farko ranar Juma'a, da tambayoyi uku a kan niyya, ɗaya daga ciki sai da na koma gida na duba kafin in ba shi amsa. Sun ce idan sun sauke za su shiga Infaƙul Maisuri, kuma sun roƙe ni in raka su Sifawa ranar da za su fara.