Share fagen Kano Pillars: Darasin 2022 kafin haɗuwa da Barau

A kowace yamma, idan ma'aikatan Sharaɗa da Challawa suka tashi daga aiki suka nufo Ɗorayi, akan samu majalisar da hirarta ba ta wuce Kano Pillars. A makonnin da ƙungiyoyi suka buga wasannin share fage gabanin kakar Firimiyar Nijeriya ta 2025/2026, muhawarar ta ƙara zafi. Idan Sai Masu Gida suka doke wata maƙwabciya, sai a fara lissafin kofi. Idan aka doke su, sai a fara kiran a kori mai horarwa.

Duka ɓangarorin biyu suna ɗora wa wasan share fage nauyin da bai kai ba. A irin waɗannan wasanni, har da gasar Ahlan da aka saba shiryawa a Kano, mai horarwa yakan sauya kusan dukkan 'yan wasansa bayan hutun rabin lokaci. Yakan gwada matasan da ba a ma ƙulla yarjejeniya da su ba, ya kuma ajiye manyan 'yan wasa don gudun rauni. Sakamakon da aka samu a haka ba ya nuna yadda ƙungiya za ta kasance bayan wasanni 38, ciki har da doguwar tafiya a mota zuwa Aba ko Fatakwal ko Ikenne.

Duk da haka akwai dalilin da ya sa idon jama'a ya fi buɗewa a 2025. A watan Yulin 2025 gwamnatin Jihar Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, alhali yana ci gaba da taka leda. Sannan Barau FC, wadda Sanata Barau Jibrin ya kafa, ta samu hayewa zuwa Firimiya. Ke nan Kano ta samu ƙungiyoyi biyu a babbar gasar ƙasa a kakar 2025/2026, kuma ya zama dole su haɗu sau biyu a kakar, ko suna so ko ba sa so. Hamayyar da a da ake tafiya Katsina ko Bauchi a nema, yanzu ta shigo cikin gida.

A nan ne tarihi ya kamata ya zama malami. Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin Firimiya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar, sannan ta ci kofin ƙalubale a 2019. Ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. Amma wannan ƙungiya ce ta faɗa rukuni na biyu a 2022.

Faɗuwar tana da nasaba da abin da ya faru a wajen layin fili. A watan Afrilun 2022, a wasanta da Katsina United a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wasu 'yan kallo sun kutsa fili, aka tsayar da wasa, aka kuma farfasa motar baƙi. Hukumar shirya gasar ta ci tarar Pillars tare da zabtare mata maki uku. Watanni biyu bayan haka, cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawarta da Dakkada ya jawo aka sake zabtare wasu maki ukun. Maki shida daidai suke da nasara biyu, kuma a gasar da ƙungiyoyi huɗu daga cikin 20 ke faɗuwa duk shekara, nasara biyu kan raba mai tsira da mai nutsewa. A ƙarshen kakar, Pillars da Katsina United suka gangara tare, sai a 2023 suka dawo.

Saboda haka, idan Pillars ta fito wasan share fage da maƙwabciya, akwai abubuwan da suka fi yawan ƙwallaye muhimmanci. Na farko shi ne ƙofar shiga: tikiti nawa aka sayar, mutum nawa suka shiga, kuma ana bincika masu shiga ko a'a. Na biyu shi ne hanyar da alƙalan wasa da baƙi ke bi zuwa ɗakin sauya kaya, da wanda ke tsare ta. Na uku shi ne halin 'yan wasa da jami'an benci idan alƙali ya yanke hukuncin da bai yi musu daɗi ba, domin ɗan kallo daga fuskar kyaftin yake karanta ko ya zauna ko ya tashi. Duk waɗannan ana iya gwada su a share fage, lokacin da kuskure ba ya cin maki.

A cikin fili ma akwai tambaya ta gaskiya. Ahmed Musa da Rabi'u Ali sun daɗe suna jan ragama, kuma shekaru na tafiya. Share fage ne lokacin gano ko akwai matashin da zai iya ɗaukar nauyin idan ɗayansu ya ji rauni a tsakiyar kaka.

Nauyin bai tsaya kan shugabanni kaɗai ba. Ma'aikacin da ya ware wani abu daga albashinsa ya hau adaidaita daga Ɗorayi ko Bompai zuwa Ƙofar Mata shi ne ke fara asara idan aka rufe fili ko aka mayar da wasannin gida wani gari. Haka ma mai sayar da ruwa da mai tsire a bakin ƙofa. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gabanin kakar 2025/2026, shugabannin Pillars da na Barau da ƙungiyoyin magoya bayansu na da sauran lokaci su zauna da jami'an tsaro su tsara yadda ranar haɗuwarsu za ta kasance, tun kafin a busa usur.