Waiwaye: Namu da Suka Yi Zaman Panya

Waiwaye adon tafiya. Mu da muka tashi a Fagge ba za mu manta da wasu dattawa ba, waɗanda akan nuna a ce sun yi zaman Panya. Muna yara mun ɗauka wani gari ne can ƙasan Kurmi. Ashe tsibiri ne cikin teku, daura da gaɓar Kamaru, wanda Turawa suka raɗa wa Fanando Fo, yau kuma ake ce masa Biyoko, a ƙasar Ikwatoriyal Gini. Sunan Panya ma daga Sifaniya aka samo shi, ƙasar da ta karɓi tsibirin daga hannun Fotugal a 1778.

Gonakin koko ne suka ja mutane can. A 1942 Ingila da Sifaniya suka ƙulla yarjejeniyar kai leburori daga Najeriya, galibinsu mutanen Gabas, ta Kalaba. To, inda jama'a ta taru, ba a rasa Bahaushe da hajarsa. Namu suka bi sawu, kaya a ka, buta a hannu. 'Yan ƙasar, mutanen Bubi, Kiristoci ne mafi yawansu, amma suka ba baƙo wurin shimfiɗa buzunsa. A birnin Santa Isabel, Malabo ta yanzu, iyayenmu suka daidaita sahu, suka zaunar da 'ya'yansu gaban allo.

Yau ka shiga Kantin Kwari, yaro zai lissafo maka Dubai da Sin tiryan-tiryan. Ka ambaci Panya, sai ya yi maka kallon mamaki.

Zaman Panya bai ƙare da daɗi ba. Bayan samun 'yancin ƙasar a 1968, mulkin Masiyas Ngema ya ƙuntata wa 'yan ƙasa da baƙi. Tsakanin ƙarshen 1975 da farkon 1976, gwamnatin ɗanmu Janar Murtala Muhammad ta kwaso dubban 'yan Najeriya zuwa gida, da yawansu daga su sai rigar wuyansu. Duk da haka irin da aka shuka bai mutu ba. Musulmin Ikwatoriyal Gini ba su kai biyar cikin ɗari ba, amma a 2015 an buɗe babban masallaci a Malabo, kiran salla kuma bai yanke ba.

Fagge kanta zango ce tun asali, masaukin ayari a bakin ganuwa. Sabon Gari kuwa baƙin da jirgin ƙasa ya kawo ne suka raya ta. Wataƙila mai shagon da muke ciniki da shi a can, kakansa ya sari koko a Panya, ya ci bashin goro a hannun kakanmu. Idan muka ratsa unguwar, mu tuna namu ma sun yi baƙunta a bayan ruwa, aka sauke su. Bashi ne a kanmu, kuma a nan gida za mu biya shi.