Ajiya Maganin Wata Rana, Amma Wace Rana?

A garin Bauchi, kamar sauran biranenmu, samari sun rungumi wasannin kwamfuta irin waɗanda ɗan wasa ke zama jarumi, yana tafiya yana tsintar makamai da magunguna. A jerin wasannin Final Fantasy, waɗanda kamfanin Square na Japan ya fara fitarwa a 1987, akwai wani magani, Elixir, mai mayar wa jarumi da dukkan ƙarfinsa. Sanannen abu ne cewa 'yan wasa da yawa kan ƙi taɓa shi, wai sai babban yaƙi, har wasa ya ƙare jaka na cike.

Ya ku 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, kada mu yi wa yaran nan dariya, domin halinmu ne suka gada. Mutum ya kwashe shekara goma yana fataucin shanu ko gadi, kuɗi na cikin akwati, alhali ɗansa na zaune a gida Bauchi babu kuɗin makaranta, gonar gado kuwa ta koma saura.

Ai tarihi ya ishe mu gargaɗi. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin naira, ta rufe iyakokin ƙasa, aka ba jama'a 'yan kwanaki su kai tsofaffin takardu banki. A ƙarshen 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000, kuma kowa ya ga wahalar da ta biyo baya a farkon 2023. Ko da ba a sauya kuɗi ba, tsada na cinsu kamar gara: a 1980 naira ta fi dalar Amurka daraja, a 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500.

Ba mu ce a yi almubazzaranci ba. Tanadi wajibi ne ga baƙo a ƙasar da ba tasa ba. Sai dai a ware na ko-ta-kwana, a fitar da zakka, saura kuma a sa shi aiki: taki kafin damina, kiwo, rumfa a kasuwar Wunti ko Muda Lawal, ko karatun yaro a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa.

Yaron da ya gama wasa da jaka cike yana iya sake farawa. Magidancin da ɗansa ya girma babu karatu ba shi da wannan dama. Allah ya sa mu gane.