Haƙuri Ba Diyya Ba Ne

Babu kalmar da kamfanonin jiragen sama ke cin ribarta a ƙasar nan kamar "haƙuri". Fasinja ya makara da minti goma, a rufe masa ƙofa, a ce sai ya biya tara kafin a sauya masa tikiti. Kamfani ya makara da awa biyar, sai murya ta fito ta lasifika tana ba mu haƙuri "saboda wasu dalilai na aiki". Mu kuma mu gyara zama, mu ce haka Allah ya ƙaddara. A cikinmu akwai mai zuwa ganin likita, akwai mai jarrabawar neman aiki, akwai wanda za a yi jana'izar mahaifinsa ba shi. Duk mu haɗiye.

To, tikiti yarjejeniya ce, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sashe na 19 na dokokin hukumar NCAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya, ya fayyace haƙƙinmu a tafiyar cikin gida. Jinkirin awa biyu, a ba mu abin taɓawa da damar kiran waya. Ya wuce awa uku, muna iya cewa mun fasa, a dawo mana da kuɗinmu. Ya kai mu tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, otal da motar zuwa can suna wuyan kamfani. Ya haura awa shida, akwai diyyar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti. Mu nawa muka taɓa nema?

Masu zuwa Turai su ma su sani: dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyyar Yuro 250 zuwa 600, gwargwadon nisan tafiya, idan aka isa a makare da awa uku ko fiye. Ta shafi duk jirgin da ya taso daga can, da jirgin kamfanin Turai da ya nufi can daga Abuja ko Legas. Ba ta tambayi launin fasfo ba. Bature na cike takarda ya karɓi kuɗinsa, mu da muka zauna kujera ɗaya da shi muna jin kunya, wai kada a ce mun cika son abin duniya.

Za a ce mana ai akwai hazo. Gaskiya ne, idan hunturu ya rufe Kano ko Maiduguri, babu mai hankalin da zai so matuƙi ya tashi bai ga gabansa ba, kuma doka ba ta ɗora wa kamfani diyya kan yanayi ba. Amma hazo bai cinye kuɗin tikitin wanda aka soke wa tafiya ba. Kuma ba hazo ne ke sa a sayar da tikitin tafiye-tafiye da yawa alhali jiragen kamfani kaɗan ne ke tashi ba. Za a ce man jirgi ya yi tsada, dala ta hau. Da ta hau, wa aka ƙara wa kuɗin tikiti in ba mu ba?

Wani abin takaicin, idan tura ta kai bango sai mu huce kan ma'aikaciyar kanta, wadda ba ta da jirgi, ba ta da ikon tayar da shi. A yi zage-zage, a ɗauki bidiyo, kamfani ya samu hujjar cewa fasinjoji ne marasa tarbiyya, maganar haƙƙi ta bi ruwa.

Abin da kamfani ke tsoro shi ne takarda. Mu adana tikiti da takardar shiga jirgi, mu ɗauki hoton saƙon da aka turo na ɗage tashi, mu riƙe rasidin abinci da na otal. Mu rubuta wa kamfani ƙorafi da kwanan wata da lambar jirgi. Idan sun yi kunnen uwar shegu, mu kai wa jami'an kare haƙƙin fasinja na NCAA da ke filayen jirgi.

Muddin ɓata mana lokaci kyauta ne, ba za a daina ba. Ranar da fasinjoji ɗari na jirgi ɗaya suka aika ƙorafi ɗari, ranar kamfani zai fara duba agogo.