Ganye Huɗu na Bakin Tabki: Sani Shi Ne Magani

A filinmu na tsirrai da itatuwa, wannan karon bakin tabki za mu sauka, wurin wata ƴar ciyawa da muke takawa in mun je wanki ko shayar da bisashe.

Ku duba inda ruwa ya fara janyewa ya bar laka. Za ku ga siririn kara, a samansa ƙananan ganye huɗu sun haɗa kai kamar an yanka faifai gida huɗu. In ruwa na da zurfi ganyen kan kwanta bisa ruwa, in ya ragu sai ya miƙe tsaye. Da dare kuma yakan naɗe, sai gari ya waye ya buɗe. Masana tsirrai suna kiranta Marsileya, sunan da aka ba ta a 1753 don tunawa da wani masani ɗan Italiya, Marsili. Tana da iri fiye da 50 a duniya, wasunsu suna fitowa a tabkunan Sahel, har da namu na Nijar.

Wannan ciyawa ba ta fure, ba ta kuma yin ƴaƴa irin na gero ko wake. Tana cikin dangin da ake kira fujer da Faransanci, tsirran da suka riga masu fure zuwa duniya da miliyoyin shekaru. Yawancin danginta sun fi son inuwa da laimar kurmi, shi ya sa ba mu cika ganinsu nan ba. Ita kuwa ta samu dubarar zama da mu. Jijiyarta na rarrafe cikin laka. In tabki ya fara ƙafewa, sai ta fitar da wasu ƴan ƙwayoyi masu tauri a gindin karan, ba su kai ƙwayar wake ba. Cikinsu akwai iri mai laushi kamar ƙura. Ƙwayar nan takan kwanta cikin busasshiyar ƙasa shekaru da dama ba ta mutu ba. Ranar da ruwa ya dawo ya jiƙa ta, sai ta tsage, wani abu mai yauƙi kamar tsutsa ya fito ɗauke da irin, sabuwar ciyawa ta tashi. Ita ma ta iya ajiya don gobe, kamar mu.

To, me ake yi da ita? A gabashin ƙasar Indiya, wajen Bengal, ganye ne na miya. Suna ce mata sushni, mata na tsinko ta a gonakin shinkafa su kai kasuwa, a dafa ta da mai da tafarnuwa. Masu maganin gargajiya na can sun daɗe suna ba da ita ga wanda barci ya ƙaurace wa, da mai ciwon kai, wasu har da mai hawan jini. Amma ku lura, dafaffa suke cinta, ganyen suke ci, kuma sun gaji sanin nata tun kaka da kakanni.

A ƙasar Ostareliya kuwa akwai ƴar uwarta da ake kira nadu, kuma labarinta abin tsoro ne. A 1860 wata tawagar Turawa ta tashi daga birnin Melbon da raƙuma, ƙarƙashin wani mai suna Bak, da mataimakinsa Wils, za su ratsa ƙasar daga kudu zuwa arewa. A hanyar dawowa, cikin 1861, guzuri ya ƙare musu a bakin wani rafi da ake kira Kupa. Mutanen asalin wurin suka ji tausayinsu, suna ba su kifi da wainar da suke yi da ƙwayar nadu. Daga baya Bak ya harba bindiga ya kore su. Baƙin suka koma tsintar ƙwayar da kansu, suna niƙawa suna ci. Ciki na cika, amma ƙafafu na mutuwa, ƙarfi na ƙarewa kullum. A ƙarshen watan Yuni na shekarar, Bak da Wils suka rasu. Na ukunsu, Kin, shi ya tsira, don ya koma wurin ƴan ƙasa suka riƙe shi suna ciyar da shi har aka zo aka same shi a watan Satumba. Hausawa sun yi gaskiya, sai da ɗan gari akan ci gari.

Masana da yawa na ganin abin da ya taimaka wurin kashe su yana cikin ƙwayar. Akwai wani sinadari a cikinta da ke lalata bitamin B1, wanda jiki ke buƙata don ya mai da abinci ƙarfi. In babu shi, jijiyoyi da zuciya kan raunana ko da mutum na ƙoshi. Ƴan ƙasar sun san a gasa ƙwayar a wuta kafin a niƙa, baƙin kuwa sun tsallake wannan. Har tumaki sun sha mutuwa a can in suka dogara da nadu kaɗai.

Mu ma ai mun san wannan darasi, ko ba mu je Ostareliya ba. Ku tuna da anza. A shekarar yunwa ta 2005 gidaje da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da ita suka rayu. Amma wace ce cikinmu za ta ɗebo ƴaƴan anza ta dafa wa yara nan take? Sai an ɓare, an jiƙa kwanaki ana canza ruwa har ɗacin ya fita, sannan ta zama dilo. Haka rogo mai ɗaci. Sunan itace kaɗai ba ya warkar da kowa. Sai an san wane ɓangare, wace irin sarrafawa, kuma gwargwadon nawa.

Shi ya sa muke jan kunnen juna kan saƙonnin da ke yawo a salula, inda za a nuna hoton ganye a ce yana maganin cuta goma. Kama da wane ba ta wane. Ganyen da aka ɗauki hotonsa a Indiya ba lalle ya zama irin na tabkinmu ba. Mai hawan jini kada ta aje ƙwayoyin da aka rubuta mata saboda wani ganye, ta ci gaba da zuwa awo. Mai ciki da mai shayarwa su bar gwajin tsiron da ba su sani ba. Yaron da jikinsa ya yi zafi da damina, a kai shi likita a ranar, a yi masa gwajin masassara. Ku tuna kuma ruwan tabki shi ke kawo tsargiya, don haka kada a tura yara su shiga ciki tsinkar ganye. Mu da muka ɗauki bashin asusu muka sayi ragon turka, mu haɗa masa harawa da dusa, kada mu bar shi kan ciyawar bakin tabki ita kaɗai. Asarar rago ɗaya tana iya cinye ribar shekara.

Ga aikin da muke roƙon kowace ƙungiya kafin fitowa ta gaba. Bayan an gama zubi, a tambayi iyayenmu tsofaffi sunan da suke kiran wannan ciyawa a garinku, da abin da suka ga ana yi da ita, da abin da aka hana. Sakatariya ta rubuta a bayan littafi, ta aiko mana. Tsofaffin nan ba za su dawwama tare da mu ba, kuma abin da aka rubuta shi ne jikokinmu za su tarar.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.