A Daina Raba Ɗalibi da Jarinsa na Sifaniyanci

Tun ranar 1 ga Maris, 2025, da Shugaba Trump ya rattaba hannu kan umarnin da ya mayar da Turanci harshen hukuma a Amurka, masu tsohuwar aƙidar nan ta "Turanci zalla" suka sake samun bakin magana. Cewa suke yi yaron da ya tashi da Sifaniyanci ya tuɓe harshensa a ƙofar aji kamar takalmi, in ba haka ba Turanci ba zai zauna masa ba. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma ɓarnarsa ta fi muni a matakin tsakiya, lokacin da ɗalibi ya iya gaisuwa da ciniki a kanti amma littafin kimiyya yana gagarar sa.

Ciwon wannan mataki ƙarancin kalmomi ne. Kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su sukan ɗauki kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu, amma Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington ya nuna a 2006 cewa sai mutum ya mallaki tushen kalma 8,000 zuwa 9,000 kafin ya karanta jarida ko littafi ba tare da ɗan jagora ba. A wannan tazara ɗalibai ke maƙalewa shekara da shekaru. To, ina asalin kalmomin da ke cikinta? Galibinsu daga Latin ne, wasu kai tsaye, wasu ta hanyar Faransancin da Normawa suka shiga da shi Ingila a 1066. Sifaniyanci kuwa tsatson Latin ne. Jerin kalmomin ilimi 570 da Averil Coxhead ta fitar a 2000, mafi yawansu suna da 'yan'uwa a Sifaniyanci. Abin da ya fi wannan ma, kalmar da Bature ke ɗauka ta manyan malamai ce, irin su "edifice" da "infirm", ita ce yaron Meziko ke ji kullum a bakin kakarsa: "edificio" gini, "enfermo" marar lafiya. Malamin da ya hana ɗalibi duba wannan dangantaka daidai yake da wanda zai koya wa Bahaushe Larabci ya ce masa ya manta da hukunci, hujja, niyya da adalci da ya sani tun daga gida.

Hujjar masu "Turanci zalla" kullum ɗaya ce: kalmomin da ke kama da juna amma ma'ana ta sha bamban. "Embarazada" mai juna biyu ce, ba mai jin kunya ba; "éxito" nasara ce, ba ƙofar fita ba; "librería" kantin littattafai ne, ba laburare ba. Gaskiya ne, sai dai waɗannan 'yan ƙalilan ne a gefen dubban da ke faɗar gaskiya, kuma ɗalibi ba ya gane su sai an jera masa harsunan biyu gefe da gefe. Ajin da ya haramta Sifaniyanci shi ne ke barin yaro ya afka ramin, domin kwatancen da aka hana shi a fili yana yin sa a zuci ba mai gyara masa. Ainihin wahalar ma tana wani wuri, a gajerun aikatau irin "give up" da "put off" waɗanda ba su da dangi a Sifaniyanci. Can ya kamata lokacin malami ya tafi.

Mu nan mun san wannan aƙida da tarar da ake cin yaro a makaranta don ya yi Hausa, kuma ba mu ga Turancin da ta haifar ba. Amurka ma ta gwada ta. Jihar Kalifoniya ta kafa dokar Turanci zalla ta ƙuri'ar jama'a a 1998, sannan masu zaɓe suka warware ta a 2016 da ƙuri'a sama da kashi 70 cikin 100. Massachusetts ta bi sahu a 2002, ta janye a 2017. Yau ɗalibai sama da miliyan 5 ke koyon Turanci a makarantun gwamnati na Amurka, kusan uku cikin huɗunsu da Sifaniyanci suka tashi. Malamansu su buɗe musu harshen gida a kan tebur, su koya musu Turanci da shi.